Wa ke biyan kuɗin kompailar da kowa ke ɗauka kyauta?

Duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, mutum ne ya rubuta ta da ɗaya daga cikin harsunan shirya manhaja, irin su C, C++, Rust ko Fortran. Ita kuwa furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Umarnin lambobi kawai take ganewa, kuma kowane dangin furosesa da irin nasa: na x86 daban, na Arm daban, na RISC-V daban. Manhajar da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta ta mayar da shi wannan umarni ita ce kompaila.

Guda biyu ne suka ɗauki mafi yawan wannan kaya a duniya, GCC da LLVM, kuma dukansu buɗaɗɗu ne. Kowa na iya sauke su, ya karanta rubutun tushensu, ya canza, ya raba wa wasu, ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Yawancin nau'o'in Linux da ke tafiyar da sabobin intanet da GCC ake harhaɗa su. Sassan Android da aka rubuta da C da C++, a cikin Tecno da Itel da Samsung da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano, Clang ce ke harhaɗa su, wadda ɓangare ce na LLVM. Ɗalibin injiniya da ya danna maɓallin loda shiri a kan allon Arduino Uno, GCC ce ke yi masa aikin a ƙarƙashi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mutane da yawa na ɗauka 'yan sa-kai ne ke wannan aiki da daddare bayan sun tashi daga ofis. Akwai irinsu, kuma ana jin amfaninsu, amma mafi yawan abin da ke shiga GCC da LLVM injiniyoyi masu albashi ne ke rubuta shi. Kuɗi na shigowa, da yawa ma. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon kuɗin: yana bin sabon abin da mai biya ke so a ƙara, yayin da riƙe abin da aka riga aka gina ba shi da takamaiman mai biya.

Me ke cin kuɗin

Kompaila kashi uku ce. Sashen gaba yana karanta harshen, ya duba nahawunsa, ya mayar da shi wata siffa ta cikin gida. Sashen tsakiya yana gyatta wannan siffa don shirin ya ƙara sauri ko ya rage girma, ya cire lissafin da aka maimaita, ya zubar da layukan da ba za a taɓa isa gare su ba. Sashen baya yana zaɓen umarnin da furosesar da ake nufi ta sani, ya raba 'yan ma'ajiyoyinta na ciki, da ake kira rajista, ga ƙididdigar da ke buƙatarsu. Kowane harshe da sashen gabansa, kowane dangin furosesa da sashen bayansa, tsakiyar kuwa ta kowa ce. Daga nan ma mutum zai fara hango wanda ke da dalilin biyan wane sashe.

Aikin kuma ba ya ƙarewa. Tun daga 2011 kwamitin C++ ke fitar da sabon ma'auni duk shekara uku: 2014, 2017, 2020, 2023. Masu ƙera furosesa na ƙara sababbin umarni kusan kowace shekara. Akwai kuma na ba-zata. A farkon Janairun 2018 aka bayyana raunin tsaro na Spectre, wanda ke jikin furosesar kanta, ba a manhaja ba. Tun da ba za a tattara biliyoyin na'urori a sauya musu furosesa ba, wani ɓangare na maganin sai ya faɗo kan kompaila, ta riƙa fitar da umarnin tsalle ta wata hanya dabam. GCC 7.3 ta fito da wannan gyara ranar 25 ga Janairu, cikin makonni uku. Ba a yin irin wannan sauri sai da mutanen da suka riga suka san cikin kompailar, suna zaune ana biyansu.

Gwaji ma yana cin nasa. Wanda ya taɓa sashen tsakiya na GCC, ana so ya harhaɗa ta sau uku kafin ya aika gyaransa: kompailar da ke kan kwamfutarsa ta gina ta farko, ta farko ta gina ta biyu, ta biyu ta gina ta uku, sannan a kwatanta ta biyu da ta uku. Idan suka bambanta, akwai ɓaraka. Bayan nan a bi ta kan dubban ɗaruruwan ƙananan gwaje-gwaje, a kwatanta sakamakon da na kafin gyaran. Wannan a kan dangin furosesa ɗaya ke nan. Gyaran da ya wuce lafiya a x86 na iya karya Arm ko PowerPC, kuma ba za a sani ba sai in akwai na'urar da ke gwadawa kullum. Masu Rust suna da wata manhaja, Crater, da ke sake harhaɗa duk ɗakunan manhaja da aka wallafa a crates.io da sabuwar kompaila don a ga abin da ya karye, kuma zagaye ɗaya kan ɗauki kwanaki.

Mafi tsadar duka shi ne bin diddigin kuskure. Kuskuren da kompaila ta faɗi ta yi ƙorafi mai sauƙi ne. Mugun shi ne wanda za ta karɓi shiri mai kyau, ta fitar da umarnin da ke ba da amsa ba daidai ba, ba ta ce uffan ba. Masu bincike a Jami'ar Utah sun ƙera Csmith, wadda ke ƙirƙiro shirye-shiryen C barkatai tana kwatanta amsoshin kompailoli daban-daban, kuma a rahotonsu na 2011 sun ce sun kai ƙarar kurakurai sama da 325. Idan rahoto irin wannan ya zo daga mai amfani, sai wani ya fara tabbatar da cewa abin na faruwa a wurinsa. Sannan ya rage shirin daga layi dubu goma zuwa ashirin da kayan aiki irin C-Reduce ko cvise. Sannan ya yi ta raba tarihin canje-canje biyu-biyu da git bisect har ya kama canjin da ya jawo matsalar. Bayan duk wannan wahala, sau da yawa sai a tarar laifin ba na kompailar ba ne, shirin ne ya karya dokar harshen. A 2009 an samu irin haka a Linux: wani layi ya yi amfani da manuni, wato adireshin wani wuri a ma'ajiyar na'ura, kafin a duba ko fanko ne, GCC ta ɗauka tun da an riga an yi amfani da shi ba zai zama fanko ba, ta cire dubawar, abin ya zama ƙofar kutse. A ƙa'idar C, GCC ba ta yi laifi ba. In kuwa laifin nata ne, a gyara, a ƙara gwaji, a kai gyaran zuwa tsofaffin sigogin da ake tallafawa, wanda a GCC kan kai uku a lokaci guda.

Babu manajan da zai nuna wannan aiki a taron shekara ya ce ga abin da muka ƙirƙiro. Haka ma duba gyaran wasu. A GCC ba a shigar da canji sai mai kula da sashen ya amince, kuma masu zurfin sanin wasu sassa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kamfani zai iya biyan mutum biyar su rubuta sabon abu, ba tare da ya biya ko sa'a ɗaya ta wanda zai karanta abin da suka rubuta ba.

Yadda aka faro

Richard Stallman ya saki GCC ta farko a Maris 1987, ƙarƙashin FSF, gidauniyar fafutukar 'yancin manhaja da ya kafa a 1985. A lokacin gidauniyar na samun kuɗinta ne daga gudummawa da sayar da kaset na manhaja da littattafan jagora. Abin da ya canza lissafin shi ne kamfanin Cygnus, wanda Michael Tiemann da John Gilmore da David Henkel-Wallace suka kafa a 1989. Tunaninsu bai da wuya: manhajar kyauta ce, amma mai ƙera sabuwar furosesa na buƙatar kompaila kafin kowa ya saye ta, kuma gina sabuwa daga tushe ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan ƙara sashen baya a GCC. Sai Cygnus ta riƙa karɓar kwangilar wannan aiki, tana kuma sayar da yarjejeniyar tallafi ta shekara. A ƙarshen 1999 Red Hat ta sanar da sayenta a cinikin hannun jari da aka kimanta da dala miliyan 674. Har yau Red Hat, wadda IBM ta saya a 2019, da SUSE ta Jamus suna cikin masu biyan albashin jiga-jigan masu kula da GCC, don da ita suke gina Linux ɗin da suke sayar wa bankuna da gwamnatoci da alkawarin tallafin shekara goma.

Kafin nan an yi wani rikici da ya kamata a tuna. A tsakiyar shekarun 1990 gyare-gyare sun yi ta taruwa ba a shigar da su GCC ba, saboda ƙofar shiga ta yi ƙunci. A 1997 wasu masu aikin, da yawansu daga Cygnus, suka ɓalle suka buɗe reshe mai suna EGCS. Ya yi gaba da sauri har a Afrilun 1999 FSF ta amince ya zama shi ne GCC ta hukuma, ƙarƙashin kwamitin jagoranci da aka tsara don kada kamfani ɗaya ya mallake ta. Ƙarancin masu dubawa ne ya haifar da wannan tsagewa, ba ƙarancin masu rubutu ba.

Misalin da ya fi kyau na kuɗin gwamnati shi ne GNAT, kompailar harshen Ada. A 1992 rundunar sojin saman Amurka ta ba Jami'ar New York kwangilar dala miliyan 3 ta gina ta, da sharaɗin a sake ta ƙarƙashin GPL, lasisin da ke tilasta a bar rubutun tushe a buɗe, a kuma miƙa haƙƙin mallaka ga FSF. Da kwangilar ta doshi ƙarewa, waɗanda suka yi aikin suka kafa kamfani a 1994, wanda yanzu ake kira AdaCore, suna sayar da tallafi ga masu ƙera jiragen sama da na ƙasa da kayan soja. Gwamnati ta biya ginin, masu amfani suka ɗauki riƙon. Shekara talatin ke nan tsarin na tafiya. Sai dai a lura da irin kwastomomin: mutanen da kuskuren kompaila zai iya jawo musu asarar rayuka, don haka ba sa jayayya da farashi.

LLVM da kuɗin manyan kamfanoni

LLVM ta fara ne a 2000 a matsayin binciken jami'a a Illinois, a hannun Vikram Adve da ɗalibinsa Chris Lattner. Apple ta ɗauki Lattner aiki a 2005, ta saki Clang a 2007. A shekarar ce FSF ta fitar da siga ta uku ta GPL, wadda Apple ba ta karɓa ba, ta tsaya a GCC 4.2.1 ta zuba kuɗinta a LLVM. Sauran suka biyo baya sannu a hankali. Manhajar tafiyar da kwamfuta ta FreeBSD 10 ta koma Clang a 2014, Google ta cire GCC daga kayan harhaɗa manhajar Android a 2018, Intel ta sanar a 2021 cewa kompailarta ta C++ ta koma kan LLVM. Arm da AMD da Nvidia da Sony duk suna da kayan da suka gina a kanta.

Ana yawan cewa lasisi ne ke yanke wanda zai mayar da gyaransa ga jama'a. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. GPL ta tilasta wa wanda ya raba kompailar da ya canza ya bayyana rubutun tushe, amma ba ta tilasta masa ya kai shi babbar ma'ajiyar aikin, inda ake haɗa sigar hukuma, a karɓa ba. Zai iya jibge shi a shafinsa ya tafi. Lasisin LLVM, wanda ya koma Apache 2.0 a 2019, bai tilasta komai ba. Abin da ke tura kamfanoni su mayar shi ne tsadar riƙe reshe na kansu. LLVM na fitowa duk wata shida, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin barin mahaɗanta na ciki yadda suke ba. Mai riƙe da canje-canje dubu a gefe zai riƙa biyan injiniyoyi su sake ɗinka su a kan kowace sabuwar siga, har ranar da akawunsa zai gane cewa shigar da su babbar ma'ajiya ya fi arha.

To amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Injiniyan Intel zai fi ba da ƙarfi ga x86, na Apple ga abin da iPhone ke buƙata. Ba mugunta ba ce, aikin da aka ɗauke su ke nan. Gidauniyar LLVM, da aka kafa a 2014, ba ita ke biyan masu rubuta kompailar ba. Kuɗinta na tafiya ne ga tarukan masu aikin, da kayan more aiki, da tallafin ɗalibai. Saboda haka abin da ba ya cikin jadawalin wani kamfani sai ya jira mai sa-kai.

Tsakanin manyan kamfanoni da 'yan sa-kai akwai ƙananan kamfanonin kwangila, magadan Cygnus. CodeSourcery na cikinsu, wadda Mentor Graphics ta saya a 2010. Akwai Embecosm a Ingila, wadda tare da Open Source Security suka ɗauki nauyin sashen gaba na Rust a GCC. Akwai Igalia a Sifen, mallakar ma'aikatanta, wadda Bloomberg ta biya ta ƙara sababbin sassan JavaScript a injinan burauza. Akwai kuma Linaro, da Arm da IBM da Samsung da Texas Instruments da wasu suka kafa a 2010 don su daina maimaita aiki ɗaya kowa a ɗakinsa.

Abin da ke faruwa idan babu mai biya

Labarin cc0 ya nuna komai a fili. Idan furosesa ta kwatanta lambobi biyu, tana ajiye sakamakon a wasu 'yan tutoci, umarnin tsalle na gaba ya duba su. Tsohuwar hanyar da GCC ke wakiltar waɗannan tutoci, mai suna cc0, ta ginu ne a kan cewa kwatancen da tsallen dole su zauna manne da juna. Wannan ya hana wasu dabarun gyattawa, ya kuma sa kowane lungu na sashen tsakiya na ɗauke da keɓantattun dokoki saboda ita. Manyan furosesoci sun bar ta tun da daɗewa, don suna da masu biya. A 2019 masu kula suka ce sauran sassan baya su koma sabuwar hanya ko a cire su. Cikin waɗanda suka rage akwai m68k na tsofaffin kwamfutocin Amiga da Atari, da VAX, da CR16, da AVR.

Masoya m68k suka yi karo-karo a shafin Bountysource, suka tara 'yan dubban daloli a matsayin tukwici, wani gogaggen masanin GCC ya yi aikin a ƙarshen 2019. VAX ta bi wannan hanya a 2020. AVR ma sai da aka sa mata tukwici, aikin ya shiga a 2021, aka kuma cire cc0 daga GCC 12. CR16 ba ta samu mai tsaya mata ba, aka cire ta. Abin mamakin shi ne AVR: ita ce dangin furosesar ATmega328P da ke cikin Arduino Uno, mai miliyoyin masu amfani, amma ta kai bakin rami. Dalili kuwa, kayan Arduino na zuwa ne da avr-gcc 7.3.0, siga ta 2018, don haka masu amfani ba su ji komai a jikinsu ba. Yawan masu amfani ba ya zama kuɗi sai in suna jin zafin lalacewar abin.

Tukwici na aiki ne idan aikin na da farko da ƙarshe a bayyane, kuma akwai ƙwararren da zai yi shi kusan don so. In aka auna da makonnin da irin wannan aiki ke ci, kuɗin bai kai ladan kasuwa ba. Ba ya kuma biyan abin da zai biyo baya, kamar ƙorafin kumburin shirye-shiryen AVR da aka yi ta kaiwa bayan sauyin. Shi kansa Bountysource ya daina biyan mutane a 2023. Ga kuma GCJ, sashen Java na GCC, wanda amfaninsa ya ragu bayan kamfanin Sun ya buɗe tushen harshen Java. Ya yi shekaru ba mai taɓa shi, aka cire shi daga GCC 7 a 2017.

Dogaro da kamfani ɗaya ma na da nasa haɗarin. Mozilla ce ta raini Rust har ta kai siga ta 1.0 a Mayun 2015. A Agustan 2020 ta sallami ma'aikata kusan 250, ciki har da masu hannu a Rust. Harshen ya tsira ne don ya riga ya shiga wasu manyan gidaje: a Fabrairun 2021 AWS da Google da Huawei da Microsoft da Mozilla suka kafa Gidauniyar Rust, wasu kamfanonin kuma suka ɗauki injiniyoyin. Python ma ta ga irin haka. Tawagar da Microsoft ta kafa don hanzarta CPython, babbar manhajar da ke tafiyar da harshen Python, ta taimaka Python 3.11 ta fi wadda ta gabace ta sauri da kusan kashi 25 cikin ɗari a matsakaici, amma a Mayun 2025 kamfanin ya janye tallafin a cikin wani zagayen sallamar ma'aikata.

Tallafi, gudummawa da takardar shaida

Tallafin hukumomi na gina abin da kasuwa ba za ta gina ba, sai dai yana da ranar ƙarewa. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin PyPy, wata manhajar tafiyar da Python dabam da CPython, daga Disamban 2004 zuwa Maris 2007. Bayan nan aikin ya rayu da karo-karo da tallafi jefi-jefi, kamar dala 200,000 da Mozilla ta bayar a 2016 don a cim ma Python 3.5, kuma har yau yana bin CPython a baya. Flang ta nuna tsawon lokacin da ake buƙata. A 2015 ɗakunan binciken ma'aikatar makamashin Amurka suka ƙulla yarjejeniya da Nvidia a samar da kompailar Fortran a kan LLVM. Ta farko ta fito a 2017, aka sake rubuta ta daga tushe, sabuwar ta shiga LLVM a 2020, kuma sai a LLVM 20 ta 2025 aka cire mata sunan wucin gadi. Shekara goma. Tallafin wata goma sha takwas ba zai kai ko rabin hanya ba.

Asusun Sovereign Tech na gwamnatin Jamus, da aka buɗe a 2022, ya zo da abin da a ganina ya fi kowanne dacewa, domin ya ce a fili riƙo da kulawa yake biya, kuma GFortran, sashen Fortran na GCC, na cikin waɗanda suka amfana. Gidauniyar NLnet ta Holan tana ba da ƙananan tallafi, yawanci daga yuro 5,000 zuwa 50,000, ga ayyukan da babu kamfanin da zai kalla. Ɗaya daga ciki ya shafi tsohuwar matsalar da Ken Thompson ya bayyana a 1984, cewa kompaila na iya ɗauke da ɓoyayyen kutse ta riƙa gadar wa kowace kompailar da ta gina, ba tare da ya bayyana a rubutun tushe ba. Don magance wannan, a 2023 Guix, wani nau'in Linux, ta sanar cewa tana iya gina tsarinta tun daga wani iri mai bayit 357 da mutum zai iya karantawa da idonsa.

Gudummawar jama'a zalla ta fi wuya. Gidauniyar harshen Zig, da Andrew Kelley ya kafa a 2020, tana wallafa lissafinta kowace shekara, mafi yawan kuɗin kuma na tafiya kai tsaye ga masu aikin. A 2024 Mitchell Hashimoto, wani ɗan kasuwar manhaja, ya yi mata alkawarin dala 300,000 cikin shekara biyu, aka yi ta murna, kuma ya cancanta. Amma dala 150,000 a shekara ba ta wuce abin da babban kamfani a Amurka ke kashewa kan gogaggen injiniya guda ba. Ƙaramar tawaga na iya rayuwa haka. GCC ba za ta iya ba.

Hanyar da ta fi tabbas ta sayar da abin da yake kyauta ita ce takardar shaida. Mai ƙera birkin mota ba zai ce wa mai binciken aminci ya sauko da kompailarsa daga intanet ba. Yana buƙatar hujjar cewa an gwada wannan siga takamaimai bisa ma'aunin amincin motoci na ISO 26262, da jerin kurakuran da aka sani, da wanda zai ɗaga waya na tsawon shekaru. Wannan AdaCore ke sayarwa. Shi ne kuma Ferrous Systems ta Berlin ta yi da Ferrocene, kompailar Rust da ta samu shaidar kamfanin binciken aminci na TÜV SÜD a 2023, rubutun tushenta kuma a buɗe yake.

In za a biya, a biya yadda zai yi amfani

Kuskuren da masu ba da kwangila suka fi yi shi ne ɗaukar "yana aiki a kwamfutarmu" a matsayin kammalawa. A rubuta a yarjejeniya cewa kashi na ƙarshe na kuɗin sai aikin ya shiga babbar ma'ajiya. A ware lokaci da kuɗi don zagayen dubawa, domin babban canji kan koma hannun mai shi sau da yawa kafin a karɓa. A kuma duba kalanda. GCC na karɓar manyan canje-canje ne daga kusan Afrilu ko Mayu zuwa tsakiyar Nuwamba, daga nan sai gyaran kurakurai har sabuwar siga ta fito a Afrilu ko Mayu. Aikin da ya iso a Disamba zai jira ƙofa ta sake buɗewa, ya fito a sigar shekarar da ke biye, wato jinkirin kusan wata goma sha bakwai, kafin ma nau'o'in Linux irin su Debian ko Ubuntu su ɗauka.

Mai kawo sabon sashen baya ya zo da sunan wanda zai kula da shi, da na'urar da za ta riƙa gwada shi kullum. LLVM na neman waɗannan kafin ta fitar da sashe daga matsayin gwaji. Kuma duk kamfanin da ke da injiniyoyi a aikin, ya bar musu wani kaso na makonsu don duba gyaran wasu da tantance rahotanni, ya kuma lissafa shi cikin aikin da ake yaba musu a kai. Wannan ya fi cak ɗin gudummawa tasiri.

A ɓangarenmu, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa lasisin kompailoli na kuɗi, da ake biya da dala ko yuro, ya ƙara nisa da jami'o'i da ƙananan kamfanoni, don haka dogaronmu da buɗaɗɗun ya ƙaru. Ba mu da kuɗin da za mu zuba, amma aikin da aka fi ƙarancin masu yinsa, wato tabbatar da rahoto, rage shi da kamo canjin da ya jawo shi, haƙuri da sanin C yake buƙata. GCC da LLVM suna shiga shirin Google Summer of Code, mai biyan alawus ga sababbin masu ba da gudummawa. Wanda rashin wuta ko ƙaramar kwamfuta zai hana shi harhaɗa GCC sau uku, akwai cfarm, tarin na'urori iri-iri da aka ba da kyauta, inda masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja ke neman izinin shiga daga nesa ba tare da biya ba.

Zagaye na gaba na irin abin da ya faru da cc0 ya riga ya soma. Tsohon sashen GCC mai daidaita rabon rajista, da ake kira reload, ya samu magaji mai suna LRA tun GCC 4.8 a 2013. x86 da Arm da PowerPC sun koma tuni, masu kula kuma sun bayyana niyyar cire tsohon. Duk sashen bayan da bai samu wanda zai mayar da shi kan LRA ya kuma gwada shi ba, za a sa masa alamar tsufa a siga ɗaya, a cire shi a ta gaba.